Daƙiƙa Arba'in

A ɗakin tace hotuna, hawa na shida a Dhaka,
fanka na kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan.
Anisur ya tsaya a kaina yana kaɗa makulli,
ya ce, "Rokeya, daƙiƙa arba'in gare ki.
Daga nan sai tallan sabulu.
Mutane sun gaji da ganin ruwa."

Da gaskiyarsa.
Shekara tara ina yanka ambaliya gunduwa-gunduwa:
rufin kwano yana iyo, akuya a tsaye a kansa,
masani da tabarau yana bin jan layi mai hawa sama.
Da layin ya fito, yatsa ya taɓa rimot,
gari duka ya koma kallon kurket.

Na mayar da hoton baya.
Awa uku Nikhil ya ɗauko a Gabura,
can inda kogi ya manta iyakarsa.
Ga madatsar da ta ɓalle. Na gan ta bara.
Ga gonar shinkafa ta yi fari fat kamar an watsa toka.
Ga dattijo yana lissafa asara da yatsu,
yatsun suka ƙare, asarar da saura.

Can wajen ƙarshe,
Nikhil ya zaci ya kashe kyamara,
ya ajiye ta a karkace bisa tabarma.
Ƙafafun wata tsohuwa suka shigo, da gindin buta.
Ba a ganin fuskar kowa.
Ana jin kurɓa, sai shiru, sai tari,
sai dariyar wadda ta san abin da ke tafe.

"Sukari cokali uku na zuba maka, ɗana.
Gishirin ba ni na sa ba,
tafkin ne.
Mijina ya haƙa shi shekarar da na haifi Bimal,
ruwansa har maƙwabta kan roƙa ranar biki.
Yanzu teku ta shigo ta zauna a ciki,
ba sallama, ba ranar tafiya.
Shanye dai. Baƙo ba ya barin kofi."

Ya shanye. Na ji saukar kofin a ƙasa.
Na duba agogo: talatin da takwas.

Anisur ya ce, "Ina masanin? Ina alƙaluman?
Ko sau ɗaya ba ta ce sauyin yanayi ba."
Na ce, "Ara mini daren yau kawai.
In ya faɗi, gobe na yanka maka rufin kwano goma."

Amma muryar ba tamu ba ce,
ba ta san ana ɗauka ba.
Sai da muka buga waya sau biyar
aka samu jikanta a bakin madatsa, ya ruga gida.
Jharna Mondol sunanta.
Ta ce, "Ku sa mana.
Sai dai ku faɗa musu, da can shayina da daɗi."
Na rubuta hakan a ƙasan hoton, harafi ƙanana.
Daƙiƙa biyun da suka rage
na bar wa kofin.

Ƙarfe tara da kwata ya wuce a akwatin.
Sabulu ya biyo baya da kumfarsa.
Ban san gida nawa suka tsaya ba,
masu ƙirga irin wannan sai Lahadi suke magana.

Wayata dai ta yi ƙara.
Mahaifiyata ce daga Mirpur,
wadda ba ta taɓa kallon aikina har ƙarshe ba.
Ba ta ce ya yi kyau ba.
Ta ce, "Matar nan,
to da wane ruwa take dafa shinkafa?"

Na buɗe baki, ba komai a ciki.
Shekara tara, ban taɓa tambaya ba.

Jibi Nikhil zai koma.
Na rubuta tambayar a bayan rasit,
na cusa masa a jakar kyamara,
sannan na nemi Anisur ya ba ni kuɗin jirgin ruwa.